Allurar wata: yadda likitoci masu neman ƙwarewa suka koyi gyaran aiki a wani sashen ƙwaƙwalwa a Legas

## Wurin da mutanensa

Sashen da ake magana a kansa yana cikin wani asibitin gwamnati a Legas, ɗaya daga cikin wuraren da ake horar da likitocin ƙwaƙwalwa. Ba za a faɗi sunansa ba, ba kuma za a faɗi sunan kowa ba. A farkon 2023 ƙananan likitoci shida ne ke ƙarƙashin wata babbar likita da ta tashi a Jos, mai Hausa kamar jakin Kano. Biyu daga cikin shidan Hausawa ne: wani Bakatsine da horon ya kawo shi Ikko, da wata haifaffiyar Agege wadda fataucin goro ya kawo kakanta. Ni na girme su a horo, don haka ni aka ba littafin taro. Abin da ke nan daga littafin na ɗauko shi. Alƙaluman na sashen ne kaɗai, ƙanana ne, ba sa magana da yawun Legas.

Mai son zama ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa a Nijeriya ɗaya daga ƙofofi biyu yake bi: kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin, wadda aka kafa a 1979, ko kwalejin likitoci ta Afirka ta Yamma. Jarrabawa uku ce a gabansa, ta share fage, sai kashi na ɗaya, sai kashi na biyu mai tafe da kundin bincike. Ga kwanan asibiti, ga layin majinyata da ba ya ƙarewa, a ƙasar da likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba, wasu kuma kullum cikin ɗaure kaya suke zuwa Ingila da Kanada. Duk abin da ba zai fito a jarrabawa ba ɗalibi yakan ture shi gefe, kuma ba mai ganin laifinsa.

Cikin masu zuwa asibitin akwai Hausawa da sauran 'yan Arewa da 'yan Nijar: 'yan dako daga kasuwar Mile 12, mahauta daga Oko-Oba, masu shayi da masu gadi daga Obalende da Idi-Araba, masu dabbobi daga Alaba Rago, da iyalan da suka yi kaka-gida a Agege. Da yawansu suna kan abin da suke kira allurar wata. Magani ne irin su fulufenazin ko haloferidol da aka narkar a cikin mai, a yi wa mutum a tsokar ɗuwawu, ya riƙa tsatsafowa cikin jini har tsawon makonni. An fi ba masu ciwon sikizofireniya, mai sa mutum jin muryoyi ko zargin ana ƙulla masa sharri, musamman waɗanda haɗiyar ƙwaya kullum ke gagara. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje 65, ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa 64 cikin 100 na waɗanda aka janye musu magani, amma 27 cikin 100 kawai na waɗanda suka ci gaba da shi.

Sai dai allurar tana da tarko. Tunda a hankali take fita daga jiki, wanda ya tsallake ranarsa ba zai ga komai ba a makon farko, wani har wata biyu lafiya lau. Sai ya ɗauka ya warke. Ranar da ciwon ya dawo ba mai tuna allurar da aka bari tun kafin Sallah, sai a ce iska ce ta sake bugunsa.

## 2022: darasi a aji

Babbar likitar ta daɗe tana son koya wa ɗalibanta gyaran aiki, wato ilimin duba yadda aiki ke tafiya, a auna shi, a canza abu ɗaya, a sake aunawa. A 2022 ta ware Laraba huɗu, awa ɗaya kowace Laraba. Ta ba su labarin Walter Shewhart da Edwards Deming, Amurkawan da suka fito da zagayen tsara, gwada, duba, gyara, da yadda Deming ya kai shi masana'antun Japan a 1950. Ta koya musu rabon da Avedis Donabedian ya yi a 1966, cewa ingancin jinya ta fuska uku ake dubansa: kayan aiki da ma'aikata, yadda ake gudanar da aikin, da abin da ya sami majinyaci a ƙarshe. Ta zana musu ƙashin kifi na Kaoru Ishikawa, inda matsala take kai, dalilanta kuma ƙayoyi. Ta kuma rubuta a allo tambayoyi ukun da wata cibiyar inganta jinya da aka kafa a Amurka a 1991 ta yaɗa: me muke son cimmawa, ta yaya za mu san canjin da muka yi ci gaba ne, wane canji za mu gwada.

An yi gwaji kafin darussan da bayansu, kowa makinsa ya tashi. Daga nan kowane ɗalibi ya ɗauki fayil 30 ya bi diddigin wani abu. Ɗaya ta duba ko ana auna nauyi da sukarin masu shan olanzafin, wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa, tunda maganin yana sa ƙiba. An nuna sakamako a majigi, an tafa. Shawarar ƙarshe iri ɗaya ce a bakin kowa: a wayar da kan ma'aikata. Ba wanda ya koma ya sake ƙirgawa. A Disamba babbar likitar ta zaro fayil goma da hannunta, ta tarar wurin rubuta nauyi fayau yake kamar da.

## Janairu 2023: mutumin da aka kawo a ɗaure

A farkon Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawa. Muna ta murna a ofis. Cikin watan ne abokan aikin wani ɗan dako, mai kimanin shekara 30, suka kawo shi da tsakar dare an ɗaure masa hannuwa da igiyar ɗaure kwando. Bakatsinen ke kwanan asibiti. Da ya buɗe fayil ya ga mutumin namu ne: shekara huɗu yana karɓar allura ba tare da kwanciya ko sau ɗaya ba. Allurar ƙarshe a Oktoba aka yi masa. Wata uku ba wanda ya lura ba ya nan.

Dattijon da ya jagoranci masu rakiyar ya ce masa, "Likita, ai mu mun ɗauka ya gama shan maganinsa."

A taron safe babbar likitar ta yi tambaya ɗaya: su nawa ne irinsa? Ba wanda ya sani, har ni. Nan take ta soke darussan da ta shirya wa shekarar. Awar Laraba za ta tsaya, amma a kan wannan matsala ɗaya za a ƙarar da ita.

Rubuta manufa kaɗai ya ci Laraba biyu. Ɗaliban sun kawo "ƙara wa majinyata bin umarnin likita", ta mayar musu, domin babu adadi, babu rana, ba a kuma faɗi su waye ba. A karo na uku aka tsaya a kan wannan: nan da ƙarshen Satumba 2023, takwas cikin kowane goma na masu jin Hausa da ke kan allurar wata su karɓe ta cikin kwana 7 daga ranar da aka sa musu.

An zaɓi masu jin Hausa ne saboda babbar nas ta ɗakin allura, wata Hajiya da ta fi mu duka daɗewa a asibitin, ta ce su suka fi ɓacewa. Littafin ɗakin ba shi da gurbin harshe, sai da aka bi suna da abin da Hajiya ta tuna aka fitar da mutum 46. Kowane mako 10 zuwa 13 ne ranarsu ke kamawa. Aka koma baya mako 12, Oktoba zuwa Disamba 2022, aka ɗiga kowane mako a kan kwali da fensir, aka ja layin tsakiya, wato inda rabin makonnin suke sama rabi suke ƙasa. Layin ya tsaya a kan biyar cikin goma. Sauran majinyata a makonnin nan kusan bakwai cikin goma ne. Aka manna kwalin a bangon ɗakin taro.

## Fabrairu da Maris: gyara biyu da ba su ci ba

Ɗaliban sun rufe ƙofa suka zana ƙashin kifi. Ƙayoyin sun cika da jahilci, imani da aljanu, zuwa wurin masu ruƙiyya da 'yan bori, talauci. Hausawan cikinmu mu muka fi kowa yawan kawo waɗannan, muna ganin mun san mutanenmu. Babbar likitar ta duba zanen, ta tambaya majinyata nawa aka tambaya kafin a rubuta. Aka ce babu. Ta ce to a ci gaba. Daga baya ta gaya mini da gangan ta bar mu.

Gyara na farko shi ne jawabi da Hausa kowace Talata da safe a zauren jira, da fasta a bango. Bakatsinen ya iya magana, mutane suna ta gyaɗa kai. Mako huɗu layin bai motsa ba. Hajiya ce ta faɗi abin da ya kamata mu gani tun farko: "Dakta, waɗanda kake wa wa'azin nan ai su ne suka zo."

Gyara na biyu saƙon tes ne, kwana ɗaya kafin ranar, zuwa duk lambobi 46. Ya faɗo daidai lokacin ƙarancin takardun kuɗi, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Mutumin da kuɗinsa na hannu ne ba shi da abin biyan mota. A wani mako mutum 3 cikin 11 suka zo. Gardama ta kaure: saƙon ne bai yi aiki ba, ko rashin kuɗi ne ya danne shi? Daga nan aka koyi rubuta duk abin da ya faru a gari a gefen ɗigon makonsa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, kuɗi suka fara dawowa, layin ya koma kan rabinsa ya tsaya. Saƙon dai bai ƙara komai ba. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, ɗigon ya sake yin ƙasa.

## Afrilu: an fita daga ɗakin taro

Babbar likitar ta raba aiki uku, ta ce kada wanda ya kawo mata shawara sai an gama su.

Na farko, a buga kowace lamba. Cikin 46, guda 19 ko a kashe suke ko kuma mai lambar ya bar Legas. Wannan ya ɗaure mana kai har sai da muka ji bakin waɗanda suka ɗauka. Lambar da ke fayil ta wanda ya kawo majinyacin ce ranar farko, shekara uku ko biyar da suka wuce, kuma da yawansu 'yan acaba ne. Gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, ta ƙara huɗu a Satumba, ciki har da Kosofe inda Mile 12 take. Wasu sun koma gida, wasu sun tsallaka jihar Ogun. Saƙonmu yana ta sauka a Kazaure da Ɗanbatta.

Na biyu, a bi majinyaci ƙafa da ƙafa. 'Yar Agegen ta tuɓe farar riga, ta nemi izinin wani mai shayi, ta bi shi daga bakin ƙofa da agogo a hannu. Ya shigo 7:40, ya fita 12:50. Layi biyar ya bi: ɗakin kati, wurin biyan kuɗi, ganin likita, ɗakin magani, ɗakin allura. Zamansa gaban likita minti shida ne, allurar minti huɗu. Da likitan ya rasa yadda zai yi da shi, sai aka kira wani mai gadi ya yi tafinta, mai shayin kuwa ya ce lafiya lau a kan kowace tambaya. Ranar dawowa an rubuta ta a kati da irin rubutun likitoci, ita kanta sai da ta kanne ido ta karanta. Ta ce mana shekara biyu tana aiki a ginin nan, ba ta taɓa sanin ɗakin magani ba shi da benci ba.

Na uku, a nemo waɗanda ba sa zuwa a yi musu tambaya ɗaya: me ya hana ka? Wasu ɗaliban suna ganin wannan ba aikin likita ba ne. Ta tuna musu cewa Farfesa Thomas Adeoye Lambo tun 1954 ya sauke majinyata da danginsu a ƙauyukan da ke kewayen Aro a Abeokuta, yana aiki da mutanen gari har da masu maganin gargajiya, don haka fita daga asibiti ba baƙon abu ba ne a wannan fanni a ƙasar nan. An samu mutum 14, wasu ta waya, wasu sai da Bakatsinen ya je Mile 12 ranar Asabar. Shida sun ce zuwa asibiti asarar wuni ce. Uku suna Arewa. Biyu sun bari saboda rawar hannu da sandarewar jiki. Biyu suna ganin allura tana karya azumi. Mutum ɗaya ne tak ya ce an koma da shi wurin mai ruƙiyya.

Wani ɗan dako ya ce, "Likita, in na wuni a wurinku, wa zai ba ni na tuwon dare?" Ɗaya daga masu rawar hannun shi ma mai shayi ne. Ya nuna yadda ake ɗaga kofi sama a tsiyaya, ya ce da hannu mai karkarwa ba ya yiwuwa, masu saye sun fara kallonsa. Bai taɓa gaya wa likita ba, domin ba zai faɗa a gaban mai gadi ba.

Laraba ta gaba aka ajiye wannan ƙirga kusa da ƙashin kifin Fabrairu. Bakatsinen ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Ranki ya daɗe, ashe babbar ƙayarmu mutum ɗaya ce."

## Mayu zuwa Yuli: gwaji kaɗan-kaɗan

Aka kafa ƙa'ida biyu. Duk sabon abu da mutum biyar za a fara shi, mako ɗaya. Kafin a fara kuma kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru, a rufe a ambulan.

Gwajin farko gajeriyar hanya ce. Wanda ya yi wata shida lafiya, a rubuta masa maganin wata uku a takarda ɗaya, ya riƙa wucewa kai tsaye wurin Hajiya, ya ga likita a zuwa na uku. Shawo kan ɗakin magani da masu karɓar kuɗi ya ci mako uku, kuma sai da babbar likitar ta taka da kanta, ƙaramin likita ba zai iya ba. An sa lokacin daga 7:30 zuwa 9:00 na safe don mutum ya gama ya tafi nema. Kowa ya rubuta biyar cikin biyar. Biyu suka zo. Da aka buga wa sauran, suka ce da asuba motocin tumatir da albasa ke sauke kaya, wanda bai yi dako da safe ba ya rasa ranar. Aka mayar da shi bayan Azahar, 2:00 zuwa 3:30. Huɗu cikin biyar suka zo, mako na gaba tara cikin goma. Daga ƙofa zuwa ƙofa minti 35.

Gwaji na biyu bai ba da wahala ba. Duk wanda ya zo a karɓi lamba biyu, a buga nan take a ji ta yi ƙara, a tambaye shi wa ya yarda a kira da me ya yarda a faɗa. Aka bar saƙon tes, tunda da yawa ba sa karanta boko, aka koma kira da baki kwana biyu kafin ranar. Kalmomin ba sa canzawa: daga asibiti ne, jibi Talata ranarka ce. Ba a ambaton ciwo. Batun azumi kuwa, wani limami a Agege ya bayyana wa mutum biyun cewa malamai da yawa suna ganin allurar tsoka wadda ba ta abinci ba ba ta karya azumi, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kuma a matsar masa da ranar.

Gwaji na uku shi ne wanda har yau ba na son tunawa, kuma shawarata ce. Na ce tunda 'yan dako suna da shugabansu a kasuwa, a ba shi sunaye ya riƙa tuna musu. Mutum uku suka amince. Dattijon mutumin kirki ne, ya yi aikin da zuciya ɗaya, amma a bainar jama'a ya yi shi. Kafin mako ya zagayo magana ta isa gidan da ɗaya daga cikinsu ke neman aure, aka ce a dakata. Ya zo ya karɓi allurarsa a kan lokaci, ɗigon makon ya yi kyau, shi kuma ya zauna gaban Hajiya yana share hawaye. An tsayar da gwajin a ranar. Mun tambaye su sun yarda, amma ba mu bayyana musu abin da yardar za ta iya jawowa ba, domin mu ma ba mu hango ba. Babbar likitar ta sa na rubuta abin da ya faru dalla-dalla, na karanta a taro, ta kuma tambayi ɗaliban da duka 46 aka ba dattijon fa.

Gwaji na huɗu tambaya ce da aka ƙara a kowane zuwa: yaushe za ka gida? Damina ta kama, 'yan ci-rani suna shirin komawa gona, ga Babbar Sallah ranar 28 ga Yuni. Wanda zai tafi sai a ba shi takarda mai sunan magani da yawansa da ranar allura ta gaba, a gaya masa wuri mafi kusa da garinsu: asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, ko babban asibitin da ke da mai yin allurar. Nan wata gardama ta taso. Wasu suka ce a cire matafiya daga ƙirga tunda ba sa gari, abin da zai ɗaga layin nan take. Babbar likitar ta ƙi. Aka buɗe musu shafi nasu, sai an buga waya an tabbatar an yi wa mutum allura a can sannan a sa shi cikin waɗanda suka karɓa.

Tun farko ta dage a sa wani ma'auni na daban don gudun gyaran gangar Auzinawa. Tunda yanzu ba sa ganin likita kowane wata, wa zai ga illar magani? Tsoronta ya tabbata a Yuni. Wata mata daga Agege ta yi wata biyu ba ta iya zama wuri ɗaya, tana ta safa da marwa a tsakar gida, mijinta ya ɗauka ciwon ne ke dawowa. Illar allurar ce, rage yawanta kawai take buƙata. Daga nan aka ba Hajiya tambayoyi huɗu da Hausa kafin kowace allura: hannu yana rawa, jiki yana sandarewa, miyau yana dalala, ana iya zama a natse? Wanda ya amsa da matsala a ɗaya, likita zai gan shi a ranar. Mai shayin nan ma an rage masa, ya dawo layi.

An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, kuɗin mota ya bi ta. Ɗigon ya sauka mako biyu. Daga tsakiyar Yuni zuwa mako na uku na Yuli ɗigo shida a jere suka zauna sama da layin tsakiya. A ƙa'idar irin wannan zane, shida a jere a gefe ɗaya alama ce cewa wani abu ya canza da gaske, ba dacen mako ba ne. Sai a ranar ɗaliban suka fahimci dalilin da ya sa aka hana su murna a Mayu, lokacin da aka samu tara cikin goma sau ɗaya.

## Yuli zuwa Disamba: yajin aiki da canjin wuri

Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa ta shiga yajin aiki ranar 26 ga Yuli, aka koma ranar 12 ga Agusta. Mun yi zaton komai zai rushe. Bai rushe ba, domin takardun magani na wata uku ne, allurar kuma a hannun Hajiya take. Ganin likita na zuwa na uku ne kawai ya taru, aka yi mako uku ana rage shi.

Abin da yajin aiki bai yi ba, canjin wuri ya yi. A Satumba huɗu daga cikin shidan suka koma wasu sassa kamar yadda tsarin horo ya tanada, har da Bakatsinen. Mako biyar kwalin bai ga fensir ba. Kiran waya ma ya tsaya, sai a lokacin muka gano daga aljihunsa yake sayen katin. Da aka koma littafi aka cike gurbin, makonnin sun sauka zuwa shida cikin goma. Wa'adin ƙarshen Satumba ya wuce ba a cika manufa ba.

Aka cire kwalin daga ɗakin taron likitoci aka kai ɗakin allura, Hajiya ta karɓi ɗigawa kowace Juma'a, aka sa kuɗin katin waya cikin ƙananan kuɗaɗen sashen, aka rubuta shafi ɗaya da mai tafiya zai miƙa wa mai shigowa. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Disamba layin tsakiya ya tsaya a kan takwas cikin goma. Cikin mutum 11 da aka ba takardar tafiya, an tabbatar shida sun karɓi allura a Arewa, biyar ba a same su a waya ba. Ɗan dakon Janairu bai tsallake ko ɗaya ba tun da aka sallame shi.

## Hukunci

Darussan 2022 ba ƙarya aka koyar a cikinsu ba, kuma duk abin da aka yi a 2023 da kayansu aka yi shi. Inda suka gaza shi ne an ba ɗalibai kayan aiki ba tare da wata matsala da ke hana su barci ba, an kuma auna su da maki maimakon da abin da ya canza a ɗakin allura. A ganina abu uku ne suka koyar a shekara ta biyu: mutumin da aka kawo a ɗaure wanda ɗayansu ya karɓa da hannunsa, ambulan da ke nuna wa kowa kuskuren zatonsa a rubuce, da barin su da babbar likitar ta yi suka faɗi sau biyu kafin ta tura su waje. Wannan na ƙarshe ina da ja a kansa. Wata biyu aka kashe a jawabi da saƙon tes alhali ta san ba za su ci ba, kuma a watannin nan akwai waɗanda suka tsallake allura. Ita tana ganin da ta faɗa musu da baki da ba su yarda ba. Mai yiwuwa tana da gaskiya, amma ba ɗaliban ne suka biya kuɗin darasin ba.

Ba za a iya cewa wane gyara ne ya fi tasiri ba, domin gajeriyar hanya da kiran waya kusan tare suka shigo. Ba za a kuma iya cewa kwanciya asibiti ta ragu ba, mutum 46 sun yi kaɗan a yanke wannan. Kasancewar akwai likitoci masu jin Hausa ya buɗe bakin majinyata, amma bai hana mu zato irin na kowa ba. Kuma kuskuren da ya fi kowanne daɗewa shi ne ɗora aikin a kan ɗalibai masu wucewa, ga Hajiya zaune wadda ta faɗi gaskiyar jawabin Talata tun a Fabrairu.

Tsadar allurar tana nan, tafinta na gaske har yanzu babu, auren mutumin nan kuma bai ɗauru ba. Ɗaliban da suka shigo a Janairun 2024 an ba su awar Laraba da sabon kwali, suka zaɓi komawa kan auna nauyin masu shan olanzafin. A makon farko ɗayansu ya bi majinyaci ƙafa da ƙafa, ya tarar sikelin yana kulle a ofishin da ba a buɗewa sai ƙarfe goma.